Doka Ta Uku

Da za a gaya wa mutanen gidan Auta inda ƙusar da ta soki mahaifiyarsa a safiyar wata Talata za ta kai su, da sun ajiye komai sun duba ƙafar. Ba su duba ba. Kwana ashirin da shida aka ɗauka, kuma kowace rana a cikinsu ta zo da nata uzurin.

Ƙusar 'yar ƙarama ce, daga jikin wani akwatin katako ta fito, wanda aka kawo sandunan dogarawa a ciki. A ɗakin tsohuwar aka ajiye akwatin, don ɗakinta shi ne kuma ɗakin ajiyar ƙungiya. Auta, ɗanta na ƙarshe da take zaune a gidansa, shi ne sakataren Ƙungiyar Ƙwanƙwasa Ƙofa, masu kai wa tsofaffin da ba su da kowa ziyara da magani. Da ofis ya yi wa kaya kaɗan, sai ya ce ai ɗakin Mama da fili. Aka jera kekunan guragu huɗu a jikin bango, aka tara katifu shida a leda, aka kafa wani kabad na ƙarfe cike da bandeji da auduga da ruwan wanke ciwo, aka sa masa kwaɗo. Gadonta ya koma lungu, ƙarƙashin tagar da ke kallon tankin ruwa.

Ita ta kafa ƙungiyar. Takardar sunayen tsofaffin da ake ziyarta, layi ake ce mata, ita kuwa kowa Uwar Layi yake ce mata, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tana da ciwon suga, ta kuma san abin da ƙaramin ciwo ke yi wa ƙafar mai suga fiye da duk wanda ke gidan. Shi ya sa tun a ranar ta kira matar Auta, wadda ke sauri za ta tafi makarantar da take koyarwa.

"'Yar nan, zo ki duba mini tafin ƙafar nan. Idona ba ya kaiwa."

Matar Auta ta leƙo daga bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. "Mama, ai ko jini bai yi ba. Ki shafa man zafi. In na dawo zan duba."

Da ta dawo akwai girki, akwai takardun jarrabawar ɗalibai. Washegari ma haka.

A kwana na biyar wurin ya kumbura ya yi ja. A na takwas ya fara ruwa. Uwar Layi ta yayyaga tsohon zaninta tana ɗaurewa, tana wanke tsummokaran a bokitin wankanta ta shanya a kan hannun keken guragu. Kabad ɗin na tsaye taku uku daga gadonta. Ta san abin da ke kowane layi na cikinsa, don ita ta koya musu yadda ake jera shi. Makullin yana cikin motar Auta, kuma kaya ba sa fita daga ciki sai da lambar mai suna a layi.

Abincinta da ake kawowa har bakin gado aka fara ajiye shi a kan kujerar da ke bakin ƙofa. Jikokin da ke shigowa su hau kekunan guragu suna wasan mota suka daina zuwa. Ta ji uwarsu a tsakar gida tana cewa, "Kaka ba ta son hayaniya, ku bar mata ɗakin."

Ranar Alhamis, kwana na goma, Mai Laima ta zo. Ita ce mace ta farko da ta bi Uwar Layi ƙwanƙwasa ƙofofi tun farkon fari, kuma har yau, da rana da damina, ba a ganinta sai da baƙar laimarta. Ta shigo tana haki, ta tsaya cak, ta ja iska.

"Ke tsohuwa, me ya mutu a ɗakin nan?"

"Kafin ki shigo dai lafiya lau yake."

"Bakin nan naki shi zai yi saura. Buɗe ƙafar in gani."

Ta kwance tsumman a hankali. Da ta gani, sai ta nemi wuri ta zauna a kan katifun. Ta buɗe jakarta ta zaro fom ɗin rajista, irin wanda kowane mai ziyara ke yawo da shi.

"Yau za ki shiga layi. Gobe Nas ɗin ƙungiya ta fara zuwa tana wanke shi, in ta ga na asibiti ne motar ƙungiya ta kai ki."

"Karanta tambaya ta uku."

"Na san ta."

"Karanta dai."

Mai Laima ta yi tsaki. "Kana da ɗa ko 'ya da kuke gida ɗaya?"

"To. Doka ta uku me ta ce?"

"Mai ɗa a gida ba ya shiga layi. Sai mu rubuta babu. Wa zai tuhume ki?"

"In rubuta babu, alhali ga shi can na haife shi? Mayar da takardarki jaka."

"To bari in kira Nas ta zo haka nan, ba da fom ba."

"Idan Nas ta taka gidan nan yau, gobe duk ofis sun ji cewa uwar sakatare na ruɓewa a ɗakin kaya. Yaron nan da wane ido zai kalle su? Ya ce zai kai ni da kansa."

Bai ce ba. Ita ce ta faɗa a madadinsa.

Mai Laima ta dafa ruwa ta zuba gishiri ta wanke ciwon, tana yi tana mita. Ba ta tafi ba sai da ta ji ƙarar motar Auta, ta tare shi a gindin tanki. Uwar Layi na jin su ta taga.

"Gwaggo, ina wuni. Ashe kina ciki."

"Yaushe rabonka da ganin ƙafar uwarka?"

"Ai an gaya mini. Ƙusa ce, ko?"

"Ban tambaye ka abin da aka gaya maka ba. Ka sa ta a layi, Nas ta fara zuwa."

Auta ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi wa manyan baƙi. "Gwaggo, ke ma kin san ba zai yiwu ba. Sauran kwana goma sha shida bikin cikar ƙungiya shekara ashirin da biyar. Masu ba mu tallafi za su zo, za su duba layi suna bayan suna. Su ga sunan Uwar Layi, ga ɗanta sakatare? Ai na zubar da mutuncin ƙungiyar ke nan, ba nawa kaɗai ba. Kuma dokar ba ni na kafa ta ba."

"To buɗe kabad ka ba ni bandeji."

"Da wace lamba? Ranar Asabar ni da kaina zan kai ta asibiti. Ki bar mini."

Uwar Layi ta ji sanyi a ranta. Ga shi ya faɗa da bakinsa. Ranar Asabar tun da hantsi ta ɗaura sabon zani ta zauna a bakin gado da katin asibitinta a hannu. Ta ji an tayar da mota. Ta ji an buɗe get, an rufe. Da rana matar Auta ta ce mai buga littattafai ne ya kira shi, wai an sami kuskure a bangon littafin tarihin ƙungiya. Litinin mota ta tafi wurin makanike. Talata ta dawo, amma akwai zaman kwamitin biki.

Ranar Laraba, kwana na goma sha shida, matar Auta ta shigo ɗakin da kanta, da ruwan zafi da sabulu mai ƙamshi. Uwar Layi ta ɗauka tafiyar asibitin ce ta zo.

"Mama, Hedimasta zai zo ya ji tarihi daga bakinki. Shi ke rubuta littafin. Shafinki kaɗai ya rage."

Ta yi mata wanka tana kawar da fuska. Ta naɗe ƙafar da leda, ta saka mata safar Auta mai kauri a kai, ta fesa turare har sai da tsohuwar ta yi atishawa. Ta riƙo ta zuwa tsakar gida, Auta ya kama mata suka kai ta falo, inda rabonta da zama tun watan da aka canza kujeru. Aka rufa mata bargo daga gwiwa zuwa ƙasa.

Hedimasta dattijo ne da ya yi ritaya, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya. Ya gaishe ta da girmamawa, ya buɗe littafinsa.

"Uwar Layi, an ce ke ma'aikaciyar jinya ce a lokacin."

"Wa ya ce? Shara nake yi a asibiti. Ni ke goge ɗakin maza na ƙasa."

Auta ya gyara zama. "Ma'aikaciyar asibiti dai, Malam. Haka muka sa a gabatarwa."

"Shara," in ji ta. "Rubuta shara."

Ta ba shi labarin tsohon telan da ke haya a bayan gidansu, wanda ya mutu a kan kekensa na ɗinki aka yi kwana huɗu ba wanda ya sani, sai da ƙudaje suka cika tagar. Ita ta wanke ɗakin, don ba wanda zai iya shiga. Washegari ta tashi da wuri, kafin ta tafi aiki ta ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffi bakwai da ta san suna zaune su kaɗai. Bugu uku, a tsaya a ji amsa. In ba a amsa ba, a sake uku. In an ji shiru, a ɓalle ƙofar, a biya kafinta daga baya. Sunayen a bayan tsohuwar kalanda ta rubuta su. Cikin shekara biyu suka kai arba'in, mata shida na zagayawa. Wani likitan ɗakinsu ya fara ba su ragowar bandeji. Daga nan aka yi rajista, aka sami ofis, aka sami mota.

Tana magana zazzaɓi na hawa mata, ƙafar na bugawa cikin leda kamar ana dakanta. Amma bakinta ya buɗe, rabon da a tambaye ta wani abu an daɗe.

"Doka ta uku fa?" in ji Hedimasta. "Wasu na cewa ta yi tsauri."

"Wani mai shago uku ne ya kawo mana sunan ubansa. Uban na gidansa, a ɗakin da ke kusa da banɗaki. Wai mu riƙa zuwa muna yi masa wanka, shi ba shi da lokaci. Na ce masa ba mu kafa ƙungiya don mu sauke wa 'ya'ya kayansu ba. A ranar na sa aka rubuta dokar."

"Uban fa, yaya ya ƙare?"

Shekara ashirin ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, ita ma ba ta taɓa yi wa kanta ba.

"Ban sani ba. Ba mu koma ba."

Hedimasta ya ɗan yi tari, ya dubi taga. Matar Auta ta yi wuf ta buɗe ta. "Magudanar ruwan bayan gida ce, Malam, ta toshe."

"Kin taɓa yin nadamar dokar?"

Auta ya riga ta. "Nadamar me? Ai ita ce shaidar dokar da kanta. Ga ta nan a hannun ɗanta, ba ta buƙatar layin kowa. Malam, wannan ma ya kamata ya shiga littafi, don matasa su ɗauki darasi."

Hedimasta ya rubuta. Uwar Layi na kallon bironsa na tafiya. Hannunta na kan bargon, ɗagawa ɗaya kawai ya rage. Ta dubi Auta, ta ga goshinsa na naso, ta ga yana murza makullin mota kamar yadda yake murza gefen rigarsa yana yaro in ya yi laifi. Ta bar bargon a inda yake.

Bayan tafiyar baƙo aka mayar da ita ɗaki. Ledar ba a cire ba sai washegari, da hannunta.

Alhamis ta ji bugu uku a get, ta san hannun. Ta ji matar Auta na cewa, "Gwaggo, yanzu barci ya ɗauke ta, likita ya ce kada a tashe ta." Ta buɗe baki za ta yi kira, muryar ba ta wuce tanki ba. Wane likita? Da yamma babbar 'yarta, da ke aure a wani gari mai nisa, ta kira a wayar matar Auta. Aka riƙe mata wayar daga nesa da fuska.

"Mama, Auta ya ce an fara magani, Allah ya ƙara sauƙi. Ki daure ki riƙa cin abinci. Da yara sun yi hutu zan zo."

Ta ce amin.

Yatsu biyu suka fara yin baƙi. Ta daina jin zafinsu, kuma ta san ma'anar hakan. Ta daina zuwa banɗaki, aka ajiye mata fo a ƙarƙashin gado. Tana kwance tana kallon kabad, tana lissafa tsofaffin da ta taɓa gani da irin wannan ƙafa, waɗanda aka kai da wuri da waɗanda aka makara.

Ranar Laraba da safe, saura kwana uku biki, Auta ya shigo da kansa, karo na farko tun da ƙusar ta soke ta. Kekunan guragu ya zo ɗauka, za a jera su a zauren taro baƙi su gani. Yana numfashi ta baki.

"Mama, ina kwana. Yaya jikin?"

"Auta, ajiye keken nan."

Ya ajiye.

"Ka sa ni a layi."

"Mama, mun yi wannan maganar."

"Da Gwaggonka kuka yi, ba da ni ba. Ni ban taɓa roƙonka komai ba. In ba za ka sa ni ba, ɗauke ni yanzu a motarka. Ga kati."

"Yau masu tallafi ke sauka, ni zan tarbo su. Ki ba ni kwana uku kacal. Lahadi da sassafe, kafin in karya ma, muna asibiti. In aka kwantar da ke yanzu, kowa a wurin biki tambayar da zai yi ke nan, taron ya tashi daga na ƙungiya ya koma na jinya. Ke kika gina abin nan, Mama. Kina so ya rushe a hannuna?"

Ta janye tsumman daga ƙafar. "Kalla."

Ya dubi bango.

"Auta, kalla."

"Mama, kin san ba na iya ganin ciwo tun ina yaro."

"Na sani. Ni na riƙa wanke naka."

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga da sauri, ya tura keke ɗaya da gwiwa ya fita yana cewa, "Ranka ya daɗe, gani nan a hanya." Sauran ukun direba ya aiko ya kwasa.

Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta yarda da Asabar, ta yarda da Litinin, ta kori ƙawarta da fom a hannu, ta danne bargo a gaban baƙo, duk don ta rufa masa asiri, shi kuwa ko sau ɗaya bai sunkuyar da ido ya ga abin da take rufewa ba.

Ranar biki gidan ya tashi da guga da neman takalma. An yanke cewa ba za ta je ba. Za a sanar cewa tana hutawa bisa shawarar likita, ga kuma babban hotonta da aka buga a ƙyalle. Matar Auta ta ajiye shayi da burodi a kujerar bakin ƙofa, ta ce, "Mama, a yi mana addu'a." Aka ja get, ta ji an datse kwaɗo ta waje.

Rana ta ɗaga. Shayin ya huce a inda yake, don ba ta iya kaiwa ƙofa. Sanyi na kaɗa ta alhali kwanon ɗakin ya ɗau zafi.

Wajen sha ɗaya aka buga get sau uku. Aka tsaya. Ta yi ƙoƙarin amsawa, maƙogwaron ya bushe. Aka sake uku. Ta miƙa hannu cikin akwatin katakon ta jawo sanda ɗaya, ta tattara ƙarfinta ta maka wa kabad ɗin. Ƙarfen ya yi ƙara har tsakar gida. Ta sake makawa.

Ta ji muryar Mai Laima a waje tana kiran mai walda na bakin titi. "Yanke shi. In mai gidan ya zo ka ce ni ce."

Mai Laima ta shigo da kayan biki a jikinta, Nas na bayanta, ita ma da kwalliya. A zauren taro Mai Laima ta ga kujerar Uwar Layi ba kowa, ta ji sanarwar hutu, ta ja Nas ta hannu suka fito ana tsakiyar jawabi.

Nas ta durƙusa ta buɗe ƙafar. Ta taɓa ƙaurin, ta bi wani jan layi da yatsa har kusa da gwiwa. Ta miƙe.

"Mama, yanzu za mu tafi. Gwaggo, tare mana tasi."

"Tsaya," in ji Uwar Layi. "Ina fom?"

"Mama, ba lokacin fom ba ne. Ba na buƙatar takarda kafin in kai ki."

"In kika kai ni ba takarda, nan za a dawo da ni, kuma ba mai ƙwanƙwasa mini. Ƙawa, fito da shi."

Mai Laima ta fito da shi, ta ɗora a kan cinya. Suna. Shekaru. Ta kai ta uku ta tsaya.

"Karanta," in ji Uwar Layi.

"Kina da ɗa ko 'ya da kuke gida ɗaya?"

"Rubuta babu."

"Kin tabbata? A teburin Auta za a ajiye shi."

"Na san teburin. Rubuta."

Ba tawadar dangwale, sai Nas ta goga biro a babban yatsanta, ta danna a ƙasan takardar. Mai walda da direban tasi suka ɗauko ta a kan ɗaya daga cikin katifun ƙungiya, da ledarta da komai.

A ranar likita ya cire yatsu biyu. Ya ce sauran ƙafar sai an ga yadda jan layin ya yi da magani, ya kuma tambayi Mai Laima, ba da wasa ba, ko tsohuwar ita kaɗai take zaune.

Auta ya iso da la'asar, da babbar rigarsa ta biki, littafin tarihi a hannu. Ya tsaya a ƙarshen gado.

"Mama, me ya sa ba ki gaya mini ya kai haka ba?"

Mai Laima ta ɗaga laima, Nas ta riƙe mata hannu. Uwar Layi ta dube shi kawai. Ya ce ai gobe ne Lahadin da ya yi alkawarin kawo ta. Ya ce da an kira shi a waya da ba sai an yanke kwaɗo a idon maƙwabta ba. Ya ce baƙi sun yi ta yabonta, har wata ta yi hawaye da aka karanta labarin telan. Ya ajiye littafin a kan durowar gefen gado, kusa da fo, ya fita neman likita.

Littafin ya yi kyau, takarda mai sheƙi, hotuna masu launi. Akwai kalandar farko, akwai motar farko, akwai sunayen duk wanda ya taɓa ba da katifa. A shafi na tara an rubuta cewa Uwar Layi, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, tana hutawa a hannun ɗanta cikin kulawa, abin koyi ga matasa. Ɗari biyar aka buga, kuma an raba su duka. Ba wanda zai bi gida gida ya gyara shafin.

Auta ba ɗan iska ba ne, wannan shi ne abin tsoron. Ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, kuma tsofaffi ɗari biyu da ke layi suna sa masa albarka da gaske. Matarsa ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. 'Yar da ke nesa ta yarda da abin da aka gaya mata, don yarda ta fi tafiya sauƙi. Kowannensu da za ka zauna da shi zai ba ka dalilin da za ka gyaɗa kai. Duk wanda ya haifa, yana kallon nasa suna girma yana cewa ni dai na tsira, ya sani cewa tsohuwar nan ma haka ta ce, har ta sa aka rubuta shi a doka.

Da Uwar Layi ta farfaɗo sosai a kwana na uku a asibiti, abin da ta fara tambayar Mai Laima ba ƙafarta ba ce. Cewa ta yi a binciko mata mai shago ukun nan, a ji yadda ubansa ya ƙare, a kuma nemo duk sunayen da aka mayar saboda tambaya ta uku. Mai Laima ta ce ba a taɓa ajiye fom ɗin waɗanda aka mayar ba, yagawa ake yi.

Fom ɗin Uwar Layi kuwa yana ofis. Ba ya zama lamba sai sakatare ya sa hannu, kuma kwamiti ya ce zai zauna a kan doka ta uku bayan an huta gajiyar biki. Har zuwa yau ba a san ko Auta zai sa hannu ba, likita bai faɗi ko ƙafar za ta tsaya a yatsu biyu ba, kuma ba wanda ya san gidan da za a kai ta ranar da aka sallame ta.